Duniyar da Ta Shiga Duniya

A unguwarmu a Lafiya akwai wata dattijuwa da ɗanta ya bar gida shekaru masu yawa. In aka tambaye ta labarinsa ba ta cewa ya ɓata, ba ta kuma cewa ya gudu. Sai ta gyara zama ta ce, "Ai ya shiga uwa duniya." Na daɗe ina jin wannan magana a bakinta, ina ɗaukarta yadda kowa ke ɗauka, wato dabarar uwa ta rufa wa ɗanta asiri. Sai a 'yan shekarun nan, da na fara bin labarin wasu halittu da masana taurari suka gano, na koma na saurare ta da kunnen basira.

Halittun nan duniyoyi ne. Wasu girmansu bai wuce na ƙasar da muke takawa ba, wasu sun ninka Mushtari, babbar duniyar da ke kewaya ranarmu, nauyi. Abin da ya raba su da tamu shi ne ba su da ranar da suke kewayawa. Ba su san fitowar rana ba balle faɗuwarta, ba hantsi, ba la'asar, ba su ma da shekara, tunda shekara kewayen rana ce. Tafe suke kawai cikin duhun da ke tsakanin taurari. Ranar da na so in ba wani abokina labarinsu da Hausa, abin da ya fara zuwa bakina shi ne maganar dattijuwar nan. Na ce masa, duniya ce ta shiga duniya. Ya yi jim, ni ma na yi jim, domin mun ji kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu ba ta durƙusa ba.

Ita kalmar duniya daga Larabci muka aro ta, kuma asalinta na nufin abin da ya fi kusa, na nan ƙasa, kishiyar lahira. Kakanninmu duniya ɗaya suka sani. Littattafan makaranta da gidajen rediyo ne suka ƙarfafa jam'inta, suka ce duniyoyi, don a sami abin kiran 'yan'uwan ƙasarmu da ke kewaya rana tare da ita. Kafin nan malaman falaki na zaure suna da sunayensu: Uɗaridu, Zuhura, Mirriku, Mushtari, Zuhal. Irin wannan ilmi ne ya fito da Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu a kan lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741. Su a wurinsu waɗannan biyar ɗin taurari ne masu tafiya, saboda kowane tauraro yana riƙe da mazauninsa a tsakanin maƙwabtansa, su kuwa sai a ga sun matsa daga wata zuwa wata. Talaka ma ya lura da ɗaya daga cikinsu, har ya raɗa mata suna Zara, matar wata. Girkawa sun ga abin da malamanmu suka gani, kuma kalmar da Turawa ke kiran duniyoyi da ita a yau daga bakin Girkawan ta fito, ma'anarta mai yawo.

To amma wane irin yawo? Yawon akuya ne a turke. Ta zaga, ta dawo, ta sake zagawa, iyakarta tsawon igiyarta. An ƙarar da sunan mai yawo a kan ɗaurarru, sai ga masu yawon gaske sun bayyana babu sunan da ya rage musu. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ma, da ta zauna a birnin Prague a 2006, ta sa kewaya rana ya zama sharaɗi na farko na samun wannan suna. Wato a takarda, akuyar da ta tsinke igiya ta daina zama akuya.

A shekarar 2000 aka fara ba da labarinsu da ƙarfi. Philip Lucas da Patrick Roche, masana daga Ingila, sun hango wasu a girgijen ƙura da gas na Oriyon da madubin hangen nesa da ke Hawai, ita kuma María Rosa Zapatero Osorio ta Sifaniya da abokan aikinta suka hango wasu a wani gungun taurari da ke wannan sashe na sama. Tun daga nan Turawa suke ta laluben suna. Wanda ya fi bin bakin 'yan jarida kalma ce da suke kiran ɓata-gari da ita, da kuma toron giwar da ya bar garke ya gagari kowa. Wasu suka ce marayu. Shi kuma tauraron da duniya ke kewayawa suka kira shi mai masauki. Mu da muke tsintar ilmin nan ta hanyar fassara, in ba mu yi hattara ba, sai mu kwaso sunayen nan da hukuncin da ke cikinsu. Ni kuwa ina ganin ba a raɗa wa abu suna sai an san yadda aka haife shi.

Duba maganar mai masauki. Ƙasarmu ba baƙuwar rana ba ce. Kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce, wani curin girgije na gas da ƙura ya rufta cikin kansa saboda nauyinsa. Tsakiyarsa ta matsu, ta yi zafi, ta kama wuta, ita ce rana. Ragowar ya baje kewaye da ita kamar faifai yana juyawa, ƙura na manne wa ƙura, tsakuwa na haɗuwa da tsakuwa, har aka sami duniyoyi. Rana ta kwashe fiye da kashi 99 cikin 100 na kayan gidan. Ciki ɗaya ne ya haife su duka. In ana son kalmar zumunta, rana babbar yaya ce da aka bar wa riƙon ƙanne, kuma Bahaushe ya san babbar yaya uwa ce.

Matsalar ita ce faifan yakan haifi 'ya'ya fiye da yadda ɗakin zai ɗauka. Duk manomin da ya taɓa zuba iri da yawa a rami ɗaya ya san dole a rage. A sama babu hannun manomi, nauyi ne ke ragewa. Kowace duniya tana jan 'yar'uwarta, kuma in hanyoyinsu sun yi kusa da juna, jan yau da na gobe suna taruwa har wata rana ƙarama ta gitta gaban babba. Sai babbar ta fizge ta, ta juya ta kamar dutse a majajjawa, ta sake ta. Ƙasarmu tana gudun kimanin kilomita 30 a daƙiƙa ɗaya wajen kewaya rana. Da wani abu zai ƙara mata gudun ya kai 42, igiyar ta tsinke ke nan, ba dawowa. Wannan ba hasashe ba ne, ɗan Adam ya gwada shi da hannunsa. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 an bi da shi kusa da Mushtari a 1979, da Zuhal a 1980, da gangan, don su yi masa wannan majajjawa, ga shi nan har yau yana nesanta da rana da gudun kilomita 17 a daƙiƙa. Mushtari ya ninka ƙasarmu nauyi sau 318. Abin da ya yi wa kumbo zai iya yi wa duniya.

Mai yiwuwa ma ya taɓa yi. A 2011 David Nesvorný, wani masani a Amurka, ya yi ta maimaita tarihin gidanmu a kwamfuta, yana sauya yadda aka fara, sai ya ga lissafin ya fi kawo shi ga tsarin da muke gani a yau idan ya fara da manyan duniyoyi biyar maimakon huɗu, Mushtari ya jefar da ta biyar. Ba a tabbatar ba. Amma duk lokacin da na tuna da wannan lissafi nakan ji wani abu a ƙirjina, irin wanda mutum ke ji in aka gaya masa yana da ɗan'uwan da ya bar gida kafin a haife shi.

Wannan ba maraya ba ne. Maraya a wurinmu wanda mutuwa ta raba da mahaifi ne, shi ya sa kalmar take jawo tausayi da lada, ba ta tuhumar kowa. Duniyar da aka jefar uwarta na nan da rai, tana haskaka sauran 'ya'yan, ba ta ma san an rasa ɗaya ba. Sunanta korarriya. Kalmar kora kuwa tana da adalci a cikinta, domin ba a faɗinta sai an tuna akwai wanda ya yi korar. Wani lokaci 'yan ɗaki ne. Wani lokaci tauraro ne maƙwabci ya ratsa kusa da gidan, tunda taurari a cunkushe ake haifarsu, ya yi awon gaba da 'yar da take can bakin ƙofa. Wani lokaci gida ne mai rana biyu, ja daga nan ja daga can, har ƙaramar ta rasa inda za ta tsaya. Marayun gaskiya suna nan, amma su daban ne. Idan tauraro ya tsufa ya zubar da yawancin nauyinsa, riƙonsa yakan yi sako-sako, duniyar da take nesa da shi ta sulale. Ita kaɗai ce ta cancanci a ce mata marainiya.

Akwai kuma waɗanda ba a kore su daga ko'ina ba, domin ba su taɓa zama a gidan kowa ba. A nan ne na fi daɗewa ina neman kalma.

Girgijen da ke haifar taurari ba ya tsagewa daidai wa daida. Wani curi babba ne, wani ƙarami. Wanda ya kai nauyin Mushtari sau 75 zuwa 80 yakan kama wutar haidirojin ya zama cikakken tauraro. Wanda ya tsaya tsakanin wannan da sau 13 yakan ɗan yi ƙyasƙyas na wani lokaci ya mutu, wadan tauraro ke nan. Wanda bai kai sau 13 ba ko ƙyasƙyas ɗin ba ya yi. Ya dunƙule shi kaɗai yadda rana ta dunƙule, sai dai abincin bai ishe shi ba, ko don curin ƙarami ne tun farko, ko don zafin manyan taurarin kusa ya kore gas ɗin kafin ya ƙoshi. A jiki duniya ne, a haihuwa tauraro.

Wata damina, a gefen wata gona kan hanyar Doma, na ga dawa ta fito a inda ba wanda ya shuka ta, a wajen kunya, tsayinta bai kai na cikin gonar ba. Mai gonar ya ce mini, "Malam, ai gyauro ne." Nan na tsaya. Gyauro shi ne abin da ya tsiro da kansa daga ragowar da ta zube, ba rami, ba jere, ba mai shi. Iri ɗaya ne da na cikin gona, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Ban san wata kalma a wani harshe da ta dace da waɗannan halittu kamar wannan ba, kuma a bakin manomi na tsince ta.

Shaidar gyauron sama tana ƙaruwa. Akwai wata mai suna Cha 1107-7626, nisanta tafiyar haske ta shekara 620, nauyinta tsakanin Mushtari biyar zuwa goma. Tana da nata faifan na ƙura da gas kamar jaririn tauraro, kuma a 2025 masu aiki da babban madubin Turai da ke Chile suka ga tana haɗiyar kayan faifan har tan biliyan 6 a kowace daƙiƙa. Haka jariran taurari suke ci. A Oktoban 2023 kuma Samuel Pearson da Mark McCaughrean suka ba da rahoton abin da madubin James Webb ya gani a girgijen Oriyon: halittu kusan 540 masu nauyin duniyoyi, daga ciki har da tagwaye guda 40 da suke tafiya bibbiyu suna kewaya juna. Wasu masana sun musa, sun ce da yawansu taurari ne na can baya da suka shigo hoton, kuma gardamar ba ta mutu ba. In har tagwayen nan na gaske ne, da wuya a ce korarru ne, domin majajjawa ba ta cika jefa duwatsu biyu su tafi riƙe da hannun juna ba.

Wanne ya fi yawa, korarru ko gyauro? Ƙananan ba sa ganuwa ko da wane madubi, don haka sai da dabara. Nauyi yana lanƙwasa haske. In wata duniya mai duhu ta gitta daidai tsakaninmu da wani tauraro na nesa, sai hasken tauraron ya ƙaru na ɗan lokaci ya koma. Masana na Poland da madubinsu a Chile, da na Japan da New Zealand, sun shafe shekaru suna gadin miliyoyin taurari suna jiran wannan ƙiftawa. A 2011 Takahiro Sumi da abokansa suka ce masu nauyin Mushtari sun kusa ninka taurari biyu a yawa. A 2017 Przemek Mróz na Jami'ar Warsaw ya sake ƙirgawa da bayanai masu yawa, ya ce ba su wuce ɗaya ga kowane taurari huɗu ba. Ina girmama wannan gyara, domin ilmin da ba ya janye maganarsa ba abin dogaro ba ne. A 2020 Mróz ɗin ya ba da labarin wata ƙiftawa da ba ta wuce minti 42 ba, alamar wata 'yar duniya da wataƙila ba ta kai ƙasarmu nauyi ba. A 2023 Sumi ya dawo da sabon ƙiyasi, cewa in an haɗa da ƙanana za su kai kusan 20 ga kowane tauraro. Ƙanana irin waɗannan girgije ba ya iya dunƙula su da kansu, a faifan wata rana aka haife su. In ƙiyasin ya tabbata, korarru sun fi 'yan gida yawa.

A manyan ne abin yake rikicewa. A Disambar 2021 Núria Miret-Roig da abokan aikinta suka ƙirga aƙalla 70 a wajen burujin Kunama, suka ga yawansu ya wuce abin da gyauro kaɗai zai bayar, ke nan akwai korarru a gauraye. Amma ka ɗauki guda ɗaya ka ce wannan fa? Fuskarta ba za ta gaya maka ba.

Mutumin Lafiya bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Garin nan masu barin gida ne suka kafa sarautarsa. Muhammadu Dunama da jama'arsa Barebari ne da suka baro Barno, suka yi ta saukowa kudu har suka zauna a nan wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake cewa Lafiyar Barebari, jikokinsu kuwa yau da Hausa suke tashi. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta bunƙasa aka buɗe hanyar fatauci zuwa Loko a bakin Binuwai, baƙi suka yi ta kwararowa. Shiga kasuwar yau ka dubi masu doya da riɗi da agushi: Alago, Eggon, Migili, Tibi, Fulani, Hausawa. Wa zai dubi fuska ya ce kakan wannan korarsa aka yi, na wancan fatauci ya kawo shi, na wancan a nan ya tsiro?

Ga kuma Gwandara, mutanen Shabu da Kwandare, waɗanda masana harshe suka ce harshensu ne mafi kusa da Hausa a duk duniya. Labarin baka ya ce daga Kano suka fito, kuma masu ba da labarin suna cewa sunan daga "gwanda rawa da salla" ya samo asali. Ko hakan ne ko ba hakan ba, dubi yadda fassarar take aiki. Magana ce irin ta wanda ya zauna a gida yana bayyana dalilin wanda ya tafi, ta manne wa jama'a ɗaruruwan shekaru, alhali ga masallatai nan a garuruwansu. Haka suna yake yi in aka cusa masa hukunci. Shi ya sa ba na son mu fassara sunan nan na Turawa mu ce gagararriyar duniya ko 'yar iska. Wadda aka jefar ba ta yi laifin komai ba, ƙarama ce kawai da ta gitta gaban babba.

Na gwada wasu kalmomin. Duniya mai zaman kanta ta yi daɗin faɗi, amma kowa ya san abin da kunnen Bahaushe ke ji in aka ce mace mai zaman kanta, duniya kuwa mace ce a nahawunmu. Ɓatacciya ba ta yi ba, don ɓata sai da wurin da aka nufa. Na dawo kan mafi sauƙi, duniya marar rana. Ita ma da nata kayan. Rana a Hausa ita ce fitilar sama, ita ce yini, ita ce kuma amfani, kamar yadda muke cewa wane ya yi mini rana, ko abu kaza ba shi da rana. Ma'ana biyu na farko gaskiya ne tsantsa a kan waɗannan halittu. Ta ukun ce na yi ta juyawa, daga baya na ga ba ta kama su ba. Yawansu da nauyinsu su ne ke gaya wa masana irin rigimar da ake yi a gidajen taurari lokacin ƙuruciya, har da namu gidan. David Stevenson ma ya kawo lissafi a 1999 cewa korarriya mai girman ƙasarmu, in ta tafi da bargon haidirojin mai kauri, zafin cikinta zai iya hana ruwanta daskarewa. Abin da ke ba da labarin asalinmu ya yi mana rana.

Sai maganar dattijuwa. Ba ta ce ya shiga duniya kawai ba, ta ce uwa duniya, kamar mai cewa ya bar hannuna amma bai fita daga hannu ba. A nan ma harshe ya riga madubi. Duniyar da ta tsinke daga ranarta ba ta fita daga babban garken taurarin da muke ciki ba, wanda ake ganin gefensa kamar farin hayaƙi a daren da ba wata. Nauyin garken gaba ɗaya yana riƙe da ita, tana kewaya tsakiyarsa kamar yadda ranarmu ke yi sau ɗaya a kimanin shekara miliyan 230. Hatta Kaza da 'ya'yanta, da muke gani a dunƙule tun muna yara, gungu ne na taurari fiye da dubu da aka haifa tare, kuma lissafi ya nuna nan da wasu ɗaruruwan miliyoyin shekaru za su watse, kowa ya kama gabansa cikin wannan garke.

Roƙona ga malaman makarantunmu, da masu shirin kimiyya a rediyo, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya da za su rubuta wannan ilmi da Hausa gobe: ku ce duniya marar rana in ba a san asalinta ba, ku ce korarriya in an san daga gida ta fito, ku ce gyauro in da kanta ta tsiro, ku ajiye marainiya ga wadda ranarta ta mutu. Kai kuma mai karatu, in sanyi ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, ka sami daren da ƙurar hunturu ta lafa ka fita bayan gari bayan sallar isha. Za ka ga taurari uku a jere sun hau sama. Kusa da su ta kudu akwai wani ɗan haske dishi-dishi kamar tabon toka. Girgijen Oriyon ke nan, nisansa tafiyar haske ta kimanin shekara 1,350, kuma a cikinsa aka hango duniyoyi marasa rana a shekarar 2000.